Daga Littafin Haraji Zuwa Kwamfuta

Tun da aka kafa Baitulmali a Katsina, zamanin Sarki Dikko, malaman haraji na ƙasar Ruma da na Safana suka riƙa aiki da littafi mai layuka: sunan gari, yawan masu biya, fam, sule, kwabo. In adadi guda ya kuskure sai an sake tara shafin duka, wani sa'i har a tuhumi malamin da cin kuɗi.

A 1979 waɗansu Amurkawa biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, suka sa irin wannan shafi cikin kwamfuta, suka kira shi VisiCalc. Da an gyara lamba guda, jimla ta gyara kanta. Excel ya biyo a 1985, da shi ofisoshi da attajirai ke lissafin albashi da kaya yanzu.