Faransanci a Makarantun Sakandare na Nijeriya: Waiwaye a Kan Tarihinsa

1.0 Gabatarwa

Ƙasashe huɗu ne suka yi iyaka da Nijeriya ta kan tudu, wato Binin da Nijar da Cadi da Kamaru. Faransa ce ta mulki ukun farko, ta kuma riƙe mafi yawan Kamaru bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan maƙwabtaka ita ce hujjar da aka fi kafawa a duk lokacin da aka tashi maganar koyar da Faransanci a makarantun ƙasar nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihin wannan darasi a matakin sakandare, tun daga zamanin makarantun mishan har zuwa yau. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsayinsa ya riƙa hawa da sauka ne gwargwadon yadda hulɗar Nijeriya da ƙasashen waje ta kasance, shi kuwa tanadin malamai da littattafai kullum a baya yake zuwa.

2.0 Zamanin Mishan da Mulkin Mallaka

Ilmin sakandare irin na boko ya fara ne a Legas, inda mishan ɗin CMS ya buɗe makarantarsa a shekarar 1859, 'yan Methodist kuma suka buɗe tasu ta samari a 1878. An tsara waɗannan makarantu ne bisa tsarin takwarorinsu na Ingila, saboda haka harsunan da aka fi girmamawa a cikinsu su ne Ingilishi da Latin da Girkanci. Faransanci ya shigo a bayansu, a matsayin ƙarin darasi ga mai bukata. Dalilin koyar da shi a wancan lokaci bai shafi maƙwabtan Nijeriya ba. A Ingila ana ɗaukar sanin Faransanci alamar wayewa, shi ke nan aka kwaso wannan ra'ayi aka kawo shi Legas.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da wata bukata ta yaɗa harshen kishiyarta. Tsakanin 1898 da 1906 ne Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta raba ƙasar Hausa gida biyu, kowacce kuma ta fi son talakawanta su fuskanci birninta. A Arewa, inda makarantun boko suka yi jinkirin kafuwa, harshen da ya samu gurbi kusa da Ingilishi da Hausa shi ne Larabci, domin yana da tsohon tushe a addini da shari'a da sha'anin mulki. Wannan ya sa har aka sami 'yancin kai a 1960 Faransanci bai wuce wasu 'yan tsirarun makarantu ba, mafi yawansu a Kudu.

3.0 Daga 'Yancin Kai Zuwa Kafa ECOWAS

Samun 'yanci ya sauya lamarin. Sababbin ƙasashen Afirka sun tarar da cewa jami'ansu ba sa iya tattaunawa sai da tafinta. A 1961 aka yi wani taron masana a Yawunde wanda ya ba da shawarar a koyar da Faransanci a ƙasashe renon Ingila, a kuma koyar da Ingilishi a ƙasashe renon Faransa. Kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa a 1963 ya ƙara wa wannan shawara ƙarfi. A cikin waɗannan shekaru ne jami'o'i irin su Ibadan da Nsukka suka fara yaye masu digiri a Faransanci, kwalejojin horon malamai kuma suka bi sahu.

Sai dai dangantakar Nijeriya da ita kanta Faransa ba ta yi daɗi ba a wannan zamani. A watan Janairu na 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin makaman nukiliya da ƙasar ta yi a hamadar Sahara. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma Faransa ta tallafa wa Biyafara, Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Darasin da mahukunta suka ɗauka daga wannan shi ne cewa tsaron Nijeriya yana bukatar kusanci da maƙwabta. Daga nan aka yi ta faɗi-tashi har aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ECOWAS a Legas a watan Mayu na 1975, ƙungiyar da mafi yawan ƙasashenta a lokacin da Faransanci suke gudanar da mulki.

4.0 Manufar Ilmi ta Ƙasa da Komawa Gefe

Duk da haka, Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, aka kuma yi wa gyara a 1981, ta fuskanci wata alƙibla dabam. Manufar ta samo asali ne daga taron manhaja na ƙasa da aka yi a 1969, ana tsakiyar yaƙi, don haka babban abin da ya dami masu tsara ta shi ne haɗin kan cikin gida. Sai aka wajabta wa ɗalibin ƙaramar sakandare ya koyi harshen yankinsa tare da ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa ko Ibo ko Yarbanci. Faransanci da Larabci aka sa su cikin darussan zaɓi. Da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, shugabannin makarantu da yawa suka ga cewa darasin da ba dole ba ne, kuma malaminsa yana da wuyar samu, shi ya fi sauƙin cirewa daga jadawali.

Matsin tattalin arziki ya ƙara dagula al'amarin. A da, ɗalibin Faransanci a jami'a yakan shafe shekara guda a Faransa ko a wata ƙasa irin su Togo da Senegal don harshen ya zauna a bakinsa. Bayan da aka karya darajar naira a 1986 wannan tafiya ta gagara. Maganin da gwamnati ta samo shi ne kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, a zamanin da Farfesa Babs Fafunwa yake ministan ilmi. A bayansa aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala, da kuma Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba. Ƙauyen ya taimaka wajen horar da ɗalibai da malamai, amma cibiya guda ba ta iya wadatar da dubban makarantun sakandaren ƙasa ba.

5.0 Sanarwar 1996 da Abin da ya Biyo Baya

A watan Nuwamba na 1995 Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta dakatar da Nijeriya saboda rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta juya ga Faransa da ƙasashen da ke tare da ita, a ƙarshen 1996 kuma shugaban ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Bugun Manufar Ilmi na 1998 ya shigar da wannan matsayi, ya kuma mayar da darasin dole. Bugun 2004 ya fayyace cewa dolen ta tsaya ne a firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuwa zaɓi ne.

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata manazarci ya lura da su. Na farko, Tsarin Mulki na 1999 bai ambaci Faransanci ba. Sashe na 55 ya tanadi cewa Majalisar Tarayya za ta yi aikinta da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Ke nan matsayin harshen hukuma na biyu bai taɓa samun gindin zama a doka mafi girma ba. Na biyu, an wajabta darasin kafin a samar da masu koyar da shi. Makarantu masu zaman kansu da kwalejojin gwamnatin tarayya sun iya ɗaukar malamai, wasu daga Binin da Togo da Kamaru, amma makarantun jihohi da dama, musamman na karkara, sai dai sunan darasin a takarda. A sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 an sake mayar da shi cikin darussan zaɓi a ƙaramar sakandare.

6.0 Hujjar Maƙwabtaka

Ita kanta hujjar maƙwabtaka tana bukatar a sake duba ta. Cinikin da ke gudana tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, da Hausa ake yin sa. A iyakar Binin Yarbanci da Egun suna biyan bukata, a gabas kuma akwai Fulatanci da Barbarci da Larabcin Shuwa. Tasirin Faransanci a bakin talakan Nijar ya fi bayyana a kalmomin aro irin su lakwal da mushe, inda Bakano zai ce makaranta da malam. Inda ake bukatar Faransanci ƙwarai shi ne a ofisoshin kwastan da kotuna da jami'o'i da tarurrukan jakadanci. A 'yan shekarun nan ma matsayinsa ya raunana a wasu ƙasashen: Mali ta mayar da shi harshen aiki a tsarin mulkinta na 2023, Nijar kuma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A watan Janairu na 2025 ne kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa taron 1961 da manufar 1977 da sanarwar 1996 duk sun fito ne daga bukatun siyasa na lokacinsu, ɗalibi da malami suka zama 'yan karɓar umarni. Har yanzu Nijeriya tana bukatar tafintoci da jakadu da jami'an iyaka da masu bincike da suka ƙware a Faransanci, domin dubban takardun tarihin Afirka ta Yamma, ciki har da na ƙasar Hausa, da shi aka rubuta su. Hanyar samun waɗannan ƙwararru ita ce a koyar da darasin sosai a makarantun da aka tanadar wa malamai da littattafai, a ƙara yawan irin waɗannan makarantu sannu a hankali, a kuma haɗa nazarinsa da na harsunan kan iyaka a kwalejojin ilmi da jami'o'i. Kafin a sake sauya matsayinsa a manhaja, ya dace a fara ƙidaya malaman da ke akwai a kowace jiha.