Gane Tsofaffin Motoci a Finafinan Da: Abin da Ƙira Ke Faɗa da Abin da Kyamara Ke Ɓoyewa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake tantance ƙira da shekarar motar da ta fito a tsohon fim, bisa misalai daga finafinan Amurka da Ingila na 1964 zuwa 1986. Ta nuna cewa jikin mota na iya faɗin ƙira da zamani, amma lambar da aka buga a ƙashinta ce kaɗai ke tabbatar da ko wace mota ce.

Alamun Jiki

Mai nazari ba ya farawa da tambarin kamfani, domin sau da yawa ba ya fitowa a hoto, wani lokaci ma da gangan ake cire shi. Gilashi da fitila da bamba ake bi. Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, ita ce misali mafi sauƙi: gilashin bayanta a rabe yake gida biyu har zuwa 1953, sannan ya koma guda mai siffar ƙwai, a 1957 kuma aka faɗaɗa shi. Da ganin ƙeyarta an san zamaninta. Haka Chevrolet Corvette mai rufi, wadda a ƙirar 1963 kaɗai aka tsaga gilashin bayanta.

Doka ma kan bar tabo a jikin ƙarfe. Daga ƙirar 1968 Amurka ta wajabta ƙananan fitilu ko abin ƙyalli a gefen mota, kuma da su ake raba Ford Mustang ta 1968 da ta 1967, waɗanda in ba haka ba kamar an tsaga kara suke.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Peugeot 404, Fijon da dattawa suka sani, tana yawan rikiɗa ido da Austin Cambridge idan an hango ta daga nesa a fim marar launi, saboda gidan zane ɗaya ne, Pininfarina na Italiya, ya fitar da siffarsu. Kuma shekarar ƙira iyakarta ta ce ba a ɗauki hoton kafin lokaci kaza ba. Tsohuwar mota na iya shekara ashirin tana kan titi.

Inda Fim Ke Yaudara

Fim ɗin Bullitt na 1968 makaranta ce guda. A tseren da ɗan wasa Steve McQueen ya yi a titunan San Francisco cikin koriyar Mustang yana bin baƙar Dodge Charger, mai lura zai ga wata koriyar Beetle ana wuce ta ba sau ɗaya ba. Ba Beetle ce ta yi yawa a garin ba: gangara ɗaya aka ɗauka da kyamarori da dama, mai tace hoto ya jera su kamar wurare daban-daban. Charger kuwa ta zubar da murafun taya fiye da adadin tayoyinta. Ita kanta Mustang ɗin biyu ce, kuma an cire tambarin dokin da ke ragar gabanta.

Wani lokaci ƙaryar ta fi haka zurfi. A The Italian Job na 1969, Aston Martin DB4 da aka tura daga kan dutse, Lancia Flaminia ce aka yi wa kwalliya. Jar Ferrari 250 GT California da ta faɗa kwazazzabo a Ferris Bueller's Day Off na 1986 kwaikwayo ce. Wa zai farfasa ta gaske? Ko Aston Martin DB5 mai lamba BMT 216A ta fim ɗin Goldfinger na 1964, wadda aka ɗora wa makamai, asalinta DB4 ce da kamfanin ya gwada sabuwar ƙira a kanta.

Saboda haka wajibi ne mai nazari ya raba tambayoyi biyu: wace mota labari ya ce ita ce, wace ce kuma aka ajiye gaban kyamara? Ta farko ido na amsa ta. Ta biyu sai da lambar ƙashin mota da takardun ciniki. Da su aka tabbatar da ɗaya daga cikin Mustang biyun na Bullitt, wadda ta shafe shekaru a hannun wani iyali ba a jin ɗuriyarta. A watan Janairun 2020 aka yi gwanjonta a Kissimmee ta jihar Florida, da tsatsarta da komai, kan dala miliyan 3.74.