Daga Mari Zuwa Takarda: Yadda Ɗan Haya a Ingila Ya Zama Baƙo a Wurin Ajiye Motarsa

A Ingila mutum kan kama hayar gida a bene, yarjejeniyarsa ta nuna yana da gurbin ajiye mota mai lamba, amma ya wayi gari ya tarar da takarda manne a gilashin motarsa ana neman fam 100, saboda katin izininsa ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera. Wanda ya manna takardar kamfani ne mai zaman kansa, wanda masu kula da ginin suka ɗauko domin ya kori baƙin motoci. Wannan sana'a tana da tarihi, kuma tarihin yana nuna cewa duk hujjar da kotuna suka ba ta an gina ta ne a kan mutumin da ya shiga filin wani ba da haƙƙi ba. Ɗan haya kuwa da haƙƙinsa ya shigo. Saboda haka nake ganin babu inda wannan sana'a ta fi rauni kamar a harabar gidajen haya.

Da mari aka fara. Ƙarfen da ake ɗaure tayar mota da shi ya fito ne daga birnin Denver na Amurka a shekarun 1950, 'yan sandan Landan kuma suka fara amfani da shi a 1983. Ba a daɗe ba masu filaye suka gane cewa su ma za su iya, sai aka sami mutane da ƙananan motoci cike da ƙarafa suna fakon direbobi, su ɗaure, su yanka kuɗin kwancewa yadda suka ga dama. Kotunan Sikotilan ba su ɓata lokaci ba: a shari'ar Black da Carmichael ta 1992 suka ce riƙe motar mutum har sai ya biya ƙwace ne da sata. Ingila ta bi wata hanya dabam. A shari'ar Arthur da Anker, a tsakiyar shekarun 1990, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wanda ya ga allon gargaɗi kuma ya ajiye motarsa a filin wani, to ya yarda da abin da zai biyo baya. A 2000 kotun ta gyara zancen a ƙarar da wata mata ta kai ƙaramar hukumar Waltham Forest, wadda rashin lafiya ya tilasta mata tsayawa ba ta ga allon ba: in babu gani, babu yarda. Tun daga nan allo ya zama ginshiƙin sana'ar baki ɗaya.

Koke-koke suka yi yawa, lasisin da aka ƙaƙaba wa masu mari daga 2005 bai gyara halinsu ba, har majalisa ta haramta ɗaure mota ko janye ta a filin da ba na hukuma ba a Ingila da Wales daga 1 ga Oktoba 2012. Sai dai dokar da ta ƙwace marin ita ce ta miƙa wa kamfanonin makamin da ya fi shi kaifi. A da sai sun gano wanda ya tuƙa motar kafin su bi shi bashi. Sabuwar dokar ta ba su damar bin wanda aka yi wa motar rajista da sunansa, muddin sun aika masa takarda cikin wa'adi, wato kwana 14 idan kyamara ce ta ɗauki lambar. Hukumar rajistar motoci ta DVLA kuma tana sayar musu da suna da adireshi a kan fam 2.50. Mari yana buƙatar ma'aikaci da ƙarfe da jure wa faɗa da mai mota. Takarda kuwa kyamara da kwamfuta sun isa. A shekarar haramcin, buƙatun da kamfanonin suka aika wa DVLA ba su kai miliyan 2 ba, amma a shekarar 2023 zuwa 2024 sun haura miliyan 12.

Abin da ya rage shi ne ko kuɗin da ake nema halal ne a dokar yarjejeniya, domin tsohuwar ƙa'idar Ingila ta hana wani ɓangare ya ɗora wa ɗaya tarar da ta zarce asararsa. Barry Beavis, mai shagon kifi da dankali, ya wuce awa biyu na kyauta da kusan awa ɗaya a wata cibiyar kasuwanci a Chelmsford, kamfanin ParkingEye ya nemi fam 85, shi kuma ya ja har Kotun Ƙoli. A Nuwamba 2015 ya sha kaye. Ya kamata a karanta dalilin alƙalan da kyau, domin kamfanoni suna ɗaga sunan wannan shari'a a wasiƙunsu kamar ta rufe kowace ƙofa. Kotun ta yarda cewa kamfanin bai yi asara ba, amma ta ce akwai halastacciyar buƙata: shaguna suna son motoci su riƙa shiga da fita domin masu sayayya su sami wuri. Kuma an ba Beavis wani abu da ba shi da shi a da, wato izinin tsayawa kyauta a filin wani, shi kuma ya karɓa bisa sharaɗin da ke kan allo.

To me allo yake ba ɗan haya? Gurbin yana cikin abin da yake biya duk wata. Ba a sayar wa mutum akuyar da ke ɗaure a turkensa. Tun 2001, a shari'ar Saeed da Plustrade, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa mai gini ba zai ba da haƙƙin ajiye mota a yarjejeniya sannan ya dawo ya janye shi ba. A 2016 wani alƙali a Oxford ya yi aiki da irin wannan tunani a ƙarar kamfanin Homeguard, inda aka ci tarar wata mazauniyar bene a Milton Keynes don ta tsaya 'yan mintuna a ƙofar ginin tana sauke kayan ɗaki. Ya ce tsayawa don sauke kaya ba ajiye mota ba ne, kuma kamfanin da aka ɗauko daga baya ba shi da ikon rage abin da yarjejeniyar gidan ta ba ta. Ya kuma bambanta lamarin da na Beavis ƙarara.

Masu kare kamfanonin suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Gini da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ko asibiti, in babu mai tsaro, baƙi za su cike shi tun asuba, kuma sau da yawa mazauna ne da kansu suke roƙon a kawo kamfanin. Haka ne. Amma wannan hujja ce ta cin tarar baƙo, ba ta kai ga mai gurbi ba. Kamfanin da ke iya karanta lambar mota da kyamara yana iya ajiye jerin lambobin mazauna ya ƙyale su. Abin da ke hana hakan shi ne yadda ake biyan kuɗin aikin: galibi masu gini ba sa biyan komai, kamfanin daga tarar yake ci, kuma da zarar baƙi sun ji tsoro sun daina zuwa, ba wanda ya rage a harabar sai mazauna da masu ziyartarsu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ba kowace yarjejeniya ce ke ba da gurbi kai tsaye ba. Wasu suna cewa haƙƙin yana ƙarƙashin ƙa'idojin da masu kula da gini za su riƙa fitarwa, wasu ma ba su ambaci mota ba sam, sai dai dillali ya faɗa da baki. Ɗan haya kuma ba zai sami fiye da abin da mai gidansa yake da shi a tasa yarjejeniyar da mai ginin ba. Ga shi hukuncin ƙaramar kotu irin na Oxford ba ya ɗaure sauran alƙalai, shi ya sa wani ke yin nasara wani ya faɗi a kan kusan magana ɗaya. Duk da haka, ikon tsara ƙa'ida kamar ta liƙa kati dabam yake da ikon ɗora bashin fam 100 da za a biya wani kamfani na waje, kuma nauyin nuna inda yarjejeniya ta ba da wannan iko yana kan mai neman kuɗin.

Shi ya sa ɗan hayan da ya ƙi biya yake fara neman takardar hayarsa da ta mai gidansa, ya rubuta wa masu kula da ginin su soke tarar tunda su suka ɗauko kamfanin, sannan ya ɗaukaka ƙara zuwa cibiyar sauraron ƙorafi ta POPLA ko ta IAS, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin yake ciki. Abin da ba ya yi shi ne watsi da takardar kotu, domin hukuncin da aka yanke a bayan idonsa yana iya zama a rajistar basussuka shekara 6, ya hana shi rance ko kama wata hayar. Wannan tsoro ne ke sa da yawa su biya fam 60 na rangwame cikin kwana 14 alhali suna da gaskiya. Majalisa ta zartar da doka a 2019 domin a kafa ƙa'idar aiki guda ta hukuma, an fitar da ita a Fabrairu 2022 da shirin rage yawancin tarar zuwa fam 50, kamfanoni suka garzaya kotu, gwamnati ta janye ta a watan Yuni na shekarar. Ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoba 2024 ƙungiyoyin kamfanonin ne suka rubuta wa kansu, kuma ta bar tarar a fam 100.