Ɓeran Gida da Cututtukan da Yake Yaɗawa: Nazari a Kan Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ƙasa ce ta gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. Daminarta gajeriya ce, saboda haka abin da aka girbe da kaka shi ake ci har wata kakar, yana ajiye a rumbu, ko ɗaki, ko shagunan kasuwa. Manufarmu a wannan nazari ita ce mu nuna cewa ɓera da cututtukansa abinci suke bi su iso ga mutum, don haka a wurin ajiya ne ya kamata a tare su.

Da farko, bari mu fayyace kalmominmu. Idan muka ce ɓeran gida, muna nufin duk ɓeran da ke kwana ko neman abinci a mazaunin mutane. Muhimmai uku ne: baƙin ɓera mai zama a rufin ɗaki, da ƙaramin ɓera wanda wasu ke kira kusu, da ɓera mai yawan nonuwa da masana ke kira Mastomys, wanda ke kai da komo tsakanin gona da gida. Gafiya danginsu ce, amma jaɓa ba ta cikinsu, domin ƙwari take ci. Ƙwayar cuta kuwa halitta ce da ido ba ya gani, kuma iri biyu suka shafe mu. Akwai bakteriya, wadda ke rayuwa da kanta, ana kuma kashe ta da magungunan da likitoci ke kira antibayotik. Akwai kuma bairos, wanda ba ya hayayyafa sai a cikin jikin wani mai rai, kuma antibayotik ba ya yi masa komai.

Za mu kasa cututtukan gida uku bisa hanyar da suke bi. Kashi na farko shi ne masu bin fitsari da kashin ɓera, kamar zazzaɓin Lassa, da leptosfirosis, da gudawar salmonela da ake ɗauka daga gurɓataccen abinci. Na biyu shi ne masu bin cizo ko yaƙushi, wato zazzaɓin cizon ɓera. Na uku shi ne masu bin ƙuma, wadda ke shan jinin ɓera ta koma ta ciji mutum, kamar annobar ɗa'uni da ta ɓarke a Madagaska a 2017. Kashin farko ne ya fi kusa da mu, don haka a kansa za mu tsaya.

An fara gane zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Bairos ɗinsa yana zaune a jikin Mastomys ba tare da ya sa shi ciwo ba, yana fita ta fitsarinsa da kashinsa. Alamun ciwon kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai. Sauran ne ciwon ke kwantar da su da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, amai, wani lokaci da zubar jini, kuma wasu daga cikin waɗanda suka warke kan kurumce. Ya fi muni ga mace mai tsohon ciki. Wani haɗarinsa kuma shi ne yana tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinya ta jini da ruwan jiki, kamar yadda ya faru a Kano a Janairun 2020, inda likitoci biyu suka rasu. Farkonsa ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa mutane kan ɓata kwanaki suna sayen magani a kemis, alhali maganin ribabirin da ake bayarwa a asibiti ya fi amfani idan an fara da wuri. Jihar Bauci, maƙwabciyarmu, tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa.

Leptosfirosis kuwa bakteriya ce ke haddasa shi. Tana fita ta fitsarin ɓera da na dabbobi, ta daɗe a ruwa ko laka, ta shiga ta rauni ko faso a ƙafa, ko ta ido da baki. Idan ya tsananta yakan kawo shawara da ciwon ƙoda. Bushewar ƙasa ba kariya ba ce, domin wani bincike da aka wallafa a 2015 ya gano ƙwayar a jikin ɓerayen lambunan Yamai. Kududdufan da yara ke wanka da damina, dabbobi kuma su sha, abin lura ne.

Idan muka ɗora wannan a kan shekarar manomi, za mu ga lokacin haɗari. Bayan girbi gona takan zama fili, ƙunar daji ta ƙara koro ɓera, sai ya biyo damman hatsi zuwa gari. Wannan ya dace da abin da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ke gani, cewa Lassa ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ne ake shanya a ƙasa, yara ke farautar gafiya da ɓeran daji, buhuna kuma ke taruwa a kasuwanni irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yadda muke ajiya ne ke gayyato shi.

Rigakafin ya kasu uku. Na farko, a hana ɓera abinci: a ɗaga rumbu a kan duwatsu a liƙe tsagoginsa, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a zuba tsaba da gari a mazubi mai murfi, a rufe tuwon da ya kwana da bakin randa. Na biyu, a hana shi mafaka: a toshe ramuka, a nisanta juji, a kafa tarko. Shinkafar ɓera guba ce ga yara da kaji, kuma unguwa duka ya kamata ta tashi lokaci ɗaya, domin gidan da aka share shi kaɗai ɓerayen maƙwabta ne za su cike shi. Na uku, a kare jiki: a yayyafa ruwa kafin a share kashin ɓera, kada a ɗauki mushensa da hannu. Duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, a kai mai shi Babban Asibitin Gumel ko asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya idan akwai ɓera a gidan.