Daga Gorar Duma Zuwa Gorar Roba: Tarihin Mazubin Zuma a Ƙasar Kabi

A babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko a bakin tashar motar Argungu, mai neman zuma yakan tarar da ita jere cikin robobin da aka shanye ruwansu, an ɗaure bakin wasu da leda. Sai ya ɗaga gora ya hanga ta a hasken rana, ya kifa ta ya ga yadda kumfar iska ke hawa sannu a hankali, sannan a shiga ciniki. Idan ya isa gida, akwai tambayar da ke jiransa wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba: a me za a juye ta, da me kuma za a riƙa ɗiba? Tambayar ta girmi roba da dubban shekaru. Zuma takan shekara da shekaru lafiya lau idan ta dace da mazubi na gari, takan kuma yi tsami cikin damina guda idan ta faɗa hannun wanda bai san halinta ba.

Halin nata kuwa mai sauƙin fahimta ne. Zumar da ta nuna a cikin saƙa, wadda ƙudan zuma ya rufe bakinta da kaki, ruwan da ke cikinta bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ba. Ƙarancin ruwan nan, tare da ɗan tsamin da take da shi na halitta, su ke hana ƙwayoyin cuta rayuwa a cikinta. Amma zuma mai jan laima ce daga iska. Idan aka bar bakinta buɗe, ko aka tsoma mata jiƙaƙƙen cokali, ruwanta yakan haura kashi 20, daga nan ƙwayoyin yis da ke kwance a ciki su farka, ta fara kumfa da warin tsami. Saboda haka duk al'ummar da ta san zuma sai da ta koyi rufe ta. A Masar, zane-zanen wani wurin bauta na zamanin Fir'auna Niusere, kimanin shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun nuna masu kiwon zuma suna ɗura ta cikin tuluna suna liƙe bakinsu.

Ƙasar Kabi ta fuskanci wannan matsala fiye da maƙwabtanta na tudu, domin ƙasar ruwa ce. Tun lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai wajen 1516 ya kafa birninsa a Surame, arzikin Kabawa a kan fadamar Gulbin Rima yake: su, da shinkafa, da jiragen kwale-kwale. Gari ya tashi daga Surame zuwa Birnin Kebbi, bayan mayaƙan jihadi sun ci birnin a 1805 sarautar Kabawa ta ƙare da zama a Argungu, amma fadamar tana nan yadda take, da ambaliyarta da raɓarta. Wanda ya ajiye zuma a irin wannan wuri yana kokawa da laima rabin shekara, sauran rabin kuma da ƙurar hunturu da zafin bazara.

Kafin sukarin kanti ya shigo, abubuwan zaƙi ƙidayayyu ne: rake da takanɗa, maɗin ɗinya, dabinon da fatake ke kawowa daga arewa, sai zuma wadda ta fi su duka daraja. Darajarta ta haɗa da addini, tunda akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙudan zuma, wadda ta ambaci waraka a cikin abin da yake fitarwa. Ta haɗa da biki, domin da zuma ake tsoma alkaki, da ita ake haɗa nakiya, ita nakiya kuwa garin shinkafa ce, amfanin gonar da Kabi ta yi suna a kansa. Gidan da zai kai gara yana bukatar zuma mai yawa a lokaci guda, sau da yawa watanni bayan an gama ɗibarta a daji. Ajiya ta zama dole.

Ɗibar kanta aikin dare ce. Akan saƙa amya da ciyawa ko kara, a shafe ta da kashin shanu, a ɗora kan ɗorawa ko tsamiya ko kaɗanya. In lokaci ya yi, mai ɗiba ya hau da wutar kara, hayaƙi ya kori ƙudan, ya yanko saƙa ya zuba a ƙwarya. Daga nan aka samo karin maganar da ke cewa ba a shan zuma sai an sha harbi. Farar saƙa ita ce ta sarakuna da manyan baƙi. Sauran akan matse ta da hannu ko a narkar a tace, ta fito da duhu da ƙanshin hayaƙi, kuma sau da yawa da ruwa fiye da kima, saboda an haɗa nunanniya da ɗanya.

Mazubai uku suka ɗauki nauyin wannan kaya. Na farko gorar duma, mai ƙaramin baki da ake toshewa da ɓawon itace ko tsumma a liƙe da kaki. Kabawa ba baƙin gora ba ne: har yau a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, masunta da ita suke faɗawa Matan Fada, tana ɗauke da su a kan ruwa, suna jefa kifi a cikinta. Na biyu tandu, wanda ake yi da ɗanyar fata a naɗe ta a kan sifar yumɓu, in ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. Tandu ba ya fashewa idan jaki ya yi tuntuɓe, shi ya sa ya zama abokin fatake masu kai mai da zuma manyan kasuwanni irin ta Jega. Na uku tulun ƙasa, na zaman ɗaka, wanda uwargida kan rufe da faifai ko ƙoƙo, ta shafe gefen.

Abin lura a tsarin nan shi ne an raba aiki biyu. Mazubin ajiya daban, abin ɗiba daban. Ba a buɗe tulu kullum. Akan ɗebo ta kwana biyu ko uku da busasshen ludayi a zuba a ɗan ƙoƙo, a rataye shi a ragaya inda kiyashi ba zai kai ba, babbar ajiya kuwa a bar ta a rufe. Ba a san lissafin kashi 18 cikin 100 ba, amma an san cewa ludayin da ya taɓa ruwa ba ya shiga zuma.

Zuwan Turawa ya kawo garwar kananzir, mai cin galan huɗu, wajen lita 18. Da yake lita guda ta zuma takan kai nauyin kilo 1.4, garwa guda ta kusa kilo 25, sai ta zama ma'aunin sari. Illarta ita ce tsatsa, domin tsamin zuma yana cin baƙin ƙarfe, ya baƙanta ta, ya sauya mata ɗanɗano. Kwalba ta biyo baya. Tun da Michael Owens ya ƙera injin busa kwalba a Amurka a 1903 farashinta ya faɗi, kwalaben da aka gama amfani da su suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Da kwalba ne mai saye ya fara ganin zuma kafin a buɗe. Robar ruwan sha irin ta yau, wadda Nathaniel Wyeth ya yi wa rajista a 1973, ita ta kammala sauyin. Harshe bai ma wahalar da kansa neman sabon suna ba: roba ta gaji sunan duma, ana cewa ruwan gora.

Gani da ido bai kawo aminci ba. Narkakken sukari ko mazarƙwaila da aka dafa ya yi kauri, a cikin roba kamarsa ɗaya da zuma. Har ma an juya gaskiya: mutane da yawa in sun ga zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki sai su ce an yi mata algus, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce ta ƙwarai, sukarin gulukos da ke cikinta ne ke fita daga ruwa, musamman idan sanyi ya sauko wajen digiri 14, kamar a daren hunturu.

Mazubin tebur na zamani ya zo da wata manufa dabam, wato zubawa ba tare da ɓata hannu ba. A 1957 kamfanin Dutch Gold na Amurka ya fito da robar matsawa mai siffar dabbar beyar, ta bazu a duniya. Akwai kuma butar gilashi mai murfin da ake ja da babban yatsa ya yanke zaren zuma, da wadda ke sakin ta ta ƙasa tana zaune a kan ɗan kofi, da sandar katako mai tsaga-tsaga da ake murzawa. Duk an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi da ɗakuna masu daidaitaccen yanayi. A Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, zuma takan tsinke ta yi ruwa-ruwa, mazubin da ke buɗewa ta ƙasa ya yi ta ɗiga, kiyashi ya yi layi. A Janairu kuma ita ce za ta toshe ƙaramin baki ta ƙi fita. Buɗaɗɗiyar tukunya mai sanda a ciki kuwa, a watan Agusta, gayyatar laima ce.

Mai zaɓe a wannan yanki zai fi dacewa da ƙaramin mazubi, wanda za a shanye abin da ke ciki cikin mako ɗaya ko biyu, na gilashi ko robar abinci, mai murfin da ke rufuwa ruf, mai faɗin bakin da cokali zai shiga idan zuma ta daskare. A wanke shi a bar shi ya bushe sarai kafin a sake cikawa. In ta yi tauri, a tsayar da shi cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, kada a ɗora a wuta, domin zafi mai yawa yana kashe ƙanshi da sinadaran da ake nemanta dominsu. Jarirai 'yan ƙasa da shekara guda kuwa likitoci sun hana a ba su zuma, komai tsabtar mazubi.

Babbar gorar da aka sayo a kasuwa wurinta cikin ɗaki ne, nesa da rana da murhu, a rufe, ba a taɓa ta sai ranar da ƙaramin mazubi ya ƙare. Haka matan Surame da Argungu suka yi da tulu da ƙoƙon ragaya, kuma zumarsu takan kai ranar gara.