Tsohon Littafin Karatun Iyali

'Yan'uwa, a gidajen Hausawa Kirista akwai al'ada: safe da maraice maigida ya kan tara iyalinsa, a karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a. Tsohon littafin da kakanninsu suka yi wannan karatu da shi, watau Littafi Mai Tsarki na 1932, ba dare ɗaya ya samu ba.

Cikin waɗanda suka share fage akwai wani yaro, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. An kama shi bauta, sa'an nan aka 'yanta shi. Cikin 1855 Bature Barth, mai laƙabi Abdulkarim, ya tafi da shi Ingila. Can ya zauna wurin wani limamin Kirista, Schön, yana gyara masa Hausa, har aka buga Linjilar Matta cikin 1857. Likita Miller, wanda ya zauna Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa suka kammala littafin duka. Dorugu bai gani ba, ya rasu a Kano cikin 1912.

To, samari, in kun tarar da irinsa cikin tsohuwar adaka, kada ku bar wa gara. Musulmi da Kirista, Hausar da ke ciki gadonmu ce. Wassalam.