Sunan da ke Jikin Agogo: Labarin Chauncey Jerome

 Yau hirar tamu a kan agogon bango ce, amma ba irin na batir ɗin nan ba. Ina nufin tsohon agogo mai aiki da nauyi.

Bari in fara da yadda yake aiki. Ana rataya dunƙulen ƙarfe a jikin igiya ko sarƙa. Nauyinsa na jan sa ƙasa a hankali, igiyar kuma tana juya faifai masu haƙora da ke cikin injin. Ɗan lilon da ke kai da komo shi ne birki: duk lilo ɗaya, haƙori ɗaya yake saki. Christiaan Huygens, ɗan ƙasar Holan, shi ya haɗa lilon nan da agogo a 1656. In ƙarfen ya kai ƙasa, sai ka ɗaga shi sama, aiki ya ci gaba.

Da na fara bibiyar masu tara irin waɗannan agogo, na ɗauka abin mai sauƙi ne: ka duba sunan da ke jiki, shi ke nan ka san maƙerin. Ashe ba haka ba ne. Labarin Chauncey Jerome ne ya buɗe mini ido.

An haifi Jerome a 1793 a jihar Connecticut ta Amurka. Kafinta ne, kuma ya yi aiki a ƙarƙashin Eli Terry, mutumin da a 1807 ya karɓi kwangilar injinan agogo 4,000 na katako, abin da a lokacin ake wa kallon hauka. To amma injin katako yana da matsala. Danshi na kumbura shi, don haka ba ya jure tafiyar teku. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1837, Jerome ya koma yin inji da siririn fallen tagulla da ake bugawa da inji, mai tafiyar awa 30 kafin a sake ɗaga nauyin. Ga arha, ga shi ba ruwansa da danshi.

A 1842 ya tura kaya Ingila. A littafin tarihin rayuwarsa na 1860, ya ba da labarin cewa jami'an kwastan sun ga farashin ya yi ƙasa da yawa, suka zaci wayo ne na gudun haraji. Doka ta ba su ikon saye kayan a farashin takarda da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, sai suka saye. Jerome ya ga ciniki ya faɗa, ya sake turo wani, suka sake saye. A karo na uku ne suka gane farashin gaskiya ne, suka bar kayan suka wuce.

Mutumin nan ya yi kuɗi, har ya zama magajin garin New Haven a 1854. Amma ba a daɗe ba kamfaninsa ya durƙushe, bayan ya haɗe da wani kamfani mai tarin bashi. Ya rasu a 1868 yana talaka.

Ga inda abin ya shafi mai bincike. Kamfanin New Haven Clock Company ya gaji masana'antar, ana kuma ci gaba da sayar da agogo da sunan "Jerome & Co." shekaru bayan mai sunan ya rasa komai. Wato za ka iya buɗe ƙofar agogo, ka ga takarda manne da sunansa, alhali ko sisi bai samu a kai ba. Shi ya sa masu tarawa ke karanta takardar nan da kyau. In ta ce Bristol, ta fi kusa da zamanin farko, don masana'antarsa ta can ta ƙone a 1845. In ta ce New Haven, sai a ƙara bincike.

A Jamus kuma matsalar daban ce. A yankin Schwarzwald, wato Baƙin Daji, aikin a rarrabe yake: wani ya yi inji, wani ya zana fuska, wani ya goya a baya ya shiga ƙasashe talla. Sau da yawa sunan da ke fuskar na ɗan kasuwa ne, masu aikin kuwa ba a rubuta su ba.

Akwai kuma agogon da masu harkar ke kira mai aure: akwati daga nan, inji daga can, an haɗa don a sayar da tsada. Ana gane shi in an ciro injin aka ga tsofaffin ramukan kusa da ba su dace da shi ba.

Don haka in irin agogon nan ya shigo hannunku, kada ku yi saurin goge shi ko ɓare tsohuwar takardar ciki don ya yi kyau. Ku ɗauki hoton takardar, da bayan injin, da duk wata lamba ko tambari. Takardar da kuke gani kamar datti, wataƙila ita kaɗai ta rage da za ta faɗi wanda ya yi aikin da wanda ya ci riba.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.